Sauda da Jinyar Yayanta Ilu

Sauda mutuniyar Tamawa ce, fura take damawa a kasuwar Kurfi. Mijinta ya rasu da wuri, ta koma gidan ubanta da 'ya'ya biyu.

A daminar 1958 yayanta Ilu ya dawo daga haƙar kuza a Jos, bayan shekara goma sha ɗaya. Sai da ya yi magana ta gane shi. Ciki ya kumbura, hannuwa sun tsotse, idanu sun yi ɗorawa. A can ya koyi shan burkutu, har ta raba shi da tuwo.

Tsofaffin gida suka ce ciwon shawara ne, a hana shi nono da nama. Wata guda yana kan jiƙe-jiƙe da ruwan koko, kullum ƙara lalacewa yake. Sauda ta ɗora shi a jaki, sai ɗakin shan magani na Dutsin-Ma.

Malam Sa'idu mai ba da magani ya tattaɓa cikin, ya ce, “Hanta ce, giya ta ci ta. Amma yunwa za ta riga ta kashe shi.”

“Malam, ai ba ya ci. Loma biyu sai ya ture kwano.”

“To, ki ba shi loma biyun, sau shida ko bakwai a yini. Nono, wake, ƙwai in an samu. Ki rage gishiri da kanwa. Kada ya kwanta ciki wayam. Giya kuwa, ko ɗigo.”

Haka ta yi, duk da gwaggonsu ta ce za ta kashe shi da nono. Wata rana Ilu ya kau da kai, ya ce, “Ki bar ni, Sauda. Ni na jawo wa kaina.”

“Na sani, Yaya. Buɗe baki.”

Sau ɗaya, da kaka, ya sulale zuwa wani ƙauye inda ake dafa burkutu. Da ya dawo, kwana uku tana fushi da shi, amma abincinsa bai fasa zuwa ba.

Kumburin ya ragu, bai tafi duka ba. Ilu ya kama tufkar igiya, yana takawa masallaci da ƙafarsa. Ya rasu a 1964, bayan ya yi aman jini.

Da mata suka tambaye ta ko abincin ne ya ba shi shekara shidan nan, ta ce ita ba ta sani ba, ta dai ga ya mutu da tsoka a jikinsa. Shekarar da ta biyo ta auri Garba majemi, ta tare a Birchi.