Gilashin da Inna Ta Yarda Ta Zauna a Gabansa

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Baffa mai hoto, Allah Ya jiƙansa Ya haskaka kabarinsa. Duk shekara idan watan nan ya kama, da nauyin zuciya nake tuna shi. Bana kuwa ina rubutun nan bakina ya ƙi rufuwa, kuma zan faɗi dalili.

A ruga Baffa ya tashi, can bayan Taura. Sai da ya zama saurayi yana bin shanu kafin ya shigo Dutse ya koyi ɗaukar hoto. Ya bar kiwo, amma idon makiyayi bai bar shi ba. Ba abin da ke faranta masa rai kamar tsofaffin gilasan kyamara, masu nauyin nan na ƙarfe da ake murɗawa da hannu har hoto ya fito tar. Kuma ba ya duba sunan da ke bakin gilashi. Yakan ce masana'anta ɗaya ce ke ƙera su, 'yan kasuwa su saro, kowa ya buga nasa sunan, kamar yadda saniya kan bi hannu biyar amma shi ya gane garken da ta fito. Sai ya duba ta ina zoben ke juyawa, dama ko hagu. Ya karkata fuskar gilashin a rana ya ga ko ruwan zuma take bayarwa ko shuɗi. Ya leƙa ƙananan ganyayen ƙarfen da ke tsukewa a ciki, ya kara kunne ya ji ƙarar zoben. Daga nan sai ka ji ya ce, "Wannan ƙanwar waccan ce."

Ran Juma'a da hantsi yakan jera su a tabarma su sha iska. Mahaifiyarmu, Inna, ita ce mai gadi: tana korar kaji, tana goge su ɗaya bayan ɗaya da tsumma mai laushi. Akwai wani gajere mai kauri a cikinsu da ba ya ɗaukar kowa da shi sai ita.

Da ya rasu muka yi abin da muke ganin girmamawa ne. Muka naɗe gilasan a babbar rigarsa, muka turara, muka kulle a akwatin ƙarfe a ɗakinsa. Ba wanda ya san iskar Juma'ar nan ce ke raya su. Inna kuma tun ranar ta daina yarda a ɗauke ta hoto. Ko waya aka ɗaga, sai ta ja mayafi. In ban da na katin ɗan ƙasa, wanda ta fito kamar an yi mata laifi, ba mu da hotonta ko ɗaya na tsufa. Bara da ta kwanta ciwo, abin ya tsaya mini a rai: jikokin da ke rarrafe yanzu da me za su san fuskarta?

'Yata Nafisa ce ta ɗauko sana'ar kakanta, tana ɗaukar hoto a bukukuwan mata. Ita ta tsare Inna da magiya, har tsohuwa ta gaji ta ce, "Ɗauko gilashin Malam, gajeren nan. In da shi ne, zan zauna." Muka buɗe akwati da murna, muka tarar damina tara ta yi aikinta. Funfuna ta yi saƙa a cikin gilashin kamar yanar gizo-gizo, mai gyaran da muka kai wa ya ce ta ci shi har ciki.

Na yi kuka, Nafisa kuwa sai ta ce, "Umma, ba kin ce Baffa na cewa suna da 'yan uwa ba?" Nan aiki ya tashi. Ita ke lalubo masu sayar da tsofaffin kayan hoto a waya, ni ke tuno abin da Baffa ke dubawa. Ni da ban taɓa riƙe kyamara ba, sai ga ni na bar miya a wuta ina ce wa wani ɗan kasuwa a Kano ta bidiyo, "Malam, don Allah fita da shi rana, ka ɗan karkata." Ya ce, "Hajiya, sunan fa ba ɗaya ba ne da naku." Na ce ya dai murɗa zoben mu gani. Hagu ya yi, kamar namu. Fuskar ta ba da ruwan zuma. Nan take muka yi ciniki, na ce ya aiko mana da shi.

Da gilashin ya iso a motar haya, Nafisa ta kai wa Inna a gidanmu na Yalwawa. Inna ta ce, "Ke 'yar nema, za ki yi mini wayo da baƙo?" Nafisa ta ce, "Tsohuwa, taɓa shi dai, in baƙo ne ki kore shi." Inna ba ta iya boko ba, sunan bai dame ta ba. Ta auna shi a tafin hannu, ta murɗa zoben a hankali kusa da kunnenta. Sannan ta ce, "Ɗan gidansu ne. Miƙo mini farin mayafina."

Ina ta tunanin me Baffa zai ce da ya ga ranar. Shi da ke aika fim Kano ya zauna jiran a wanko hotuna, ga jikarsa ta ɗaura gilashin zamaninsa a kyamarar yau da wani ɗan zoben haɗi, hoto ya fito nan take. Na san da sai ya karɓe kyamarar ya ce ba ta saita daidai ba, alhali murna ce ta cika shi.

Yawancin abin da muka kulle don kada ya ɓace ya lalace. Abin da ya tsira shi ne wanda Baffa ya bari a idona da kunnen Inna ba tare da mun san muna koyo ba. Allah Ya sa ya zame masa sadaka mai gudana. Inna ta kalli hotonta a bayan kyamara, ta matso da shi, ta nisantar, ta ce, "Ashe haka na tsufa ba wanda ya gaya mini. Kira yaran nan su zo, a ɗauke mu tare."