Reza ɗaya, kai sittin

Ranar da na fito titi da rabin kai a aske, idona ne ya ja mini. Ina kan kujerar mai askin layinmu na hango kwalbar magani bayan madubi, na karanta sunan, na miƙe da kumfa a ƙeya. Dariyar masu jiran mota ce ta mayar da ni.

Da na koma shagon, ko ɗagowa bai yi ba, ya shiga ba ni labari. Shekara tara ya yi a gidan yari, can ya koyi aski: reza ɗaya, kai sittin, a goge a wando a kira na gaba. A shekara ta bakwai wata nas ta zo da kayan gwaji. Mutum goma sha tara a ɗakinsu aka samu da ciwon hanta, shi har da ƙanjamau. Na hantar ya warke cikin wata uku. Ɗayan kuwa ƙwaya ce kowace safiya, har yau. Bai san wanda ya shafa masa ba, bai san wanda ya shafa wa ba. Yana faɗa kamar mai karanta lambar mota.

Ya san bakina. In na kai maganar waje shagon ya mutu, ga shi da 'ya'ya uku.

Ya ɓare sabuwar reza a gabana, kamar kullum. Na ce, "Maigida, ashe da tsaraba ka fito."

Ya danna kaina ƙasa. "Ni dai an gwada ni, na san abin da ke jinina. Kai wa ya taɓa gwada ka? Daina motsi."