Malam Ɗaya-da-ɗaya

Ɗalibai ne suka raɗa masa Malam Ɗaya-da-ɗaya, ya gaji da hanawa har ya koma amsawa. Kowace shekara aikin bai canzawa a ɗakin gwaje-gwajen makarantar: a auna siririn ƙarfen maganiziyam, a ƙona shi a ɗan kasko mai murfi, a sake auna farar tokar. Nauyin da ya ƙaru na oksijin ne. A raba na ƙarfen da ashirin da huɗu, na oksijin da sha shida, a kwatanta. Amsar ɗaya da ɗaya ce, kuma tun ba a kunna wuta ba yake rubuta ta a allo.

Yakan ce yara yake sauƙaƙa wa. Shi dai ya san bai taɓa samun ta da hannunsa ba. Tun yana ɗalibi, da ya ɗaga murfin don iska ta shiga sai farin hayaƙi ya sulale, nauyin ya bi shi.

Bana sai ga 'yar ƙanwarsa a ajin, kafiyarta sak ta uwarta. An tashi, kowa ya kwafi allo ya fice, ita ta tsaya.

"Kawu, uku da biyu na samu."

"A nan Malam nake. Hayaƙi ne ya gudu miki. Gyara ki tafi."

"In gyara sikelin ko in rubuta ƙarya?"

"Bakin nan naki, Allah ya shirya."

"To ka yi sau ɗaya in gani, Kawu. A gida Mama cewa take babu kamarka."

Ya buɗe durowa. Saura guntun ƙarfen guda ɗaya, a naɗe kamar zobe. Ya dube shi, ya dubi yatsunsa, ya tuna ƙanwar da har yau take gabatar da shi da "yayana masanin kimiyya". Ya juya wa yarinyar baya, ya zura guntun a aljihu.

"Ya ƙare. Sai an kawo wani."

Ta miƙa takardarta da uku da biyunta, ta fita. Ya rasa jan biron da zai soke ta, alhali yana maƙale a kunnensa.

Ranar wanki matarsa ta zazzage aljihun.

"Malam, wannan wayar ƙarfen fa? Ta aiki ce?"

"Yar da ita."

Ba ta yar ba. Ta ɗaure hannun bokitin da ya tsinke da ita.