Geron Gwaggo Ya Dawo Gida

Gwaggona, yayar mahaifina, ita ke riƙe da irin geron gidanmu a Ruma. Gero ne gajere mai saurin nuna, ko damina ta yi rowa sai ya kai. Shekarar da 'yan bindiga suka ƙone mana rumbuna, iri ya tafi tare da abinci. Muka dawo da ita cikin garin Batsari, wani ya ara mata 'yar gona a bayan gari, amma ta ƙi shuka na kasuwa. Ta zauna a ɗaki tana ramewa, ni kuma tsoro ya kama ni kada ta rasu ba ta sake ganin geronta ba.

A ƙauyukanmu ba a barin iri a gida ɗaya. Bayan girbi kowa yakan kai 'yan zangarniyu ajiya wurin dangi a wani gari. Ranar da gobara ko gara ta yi maka ɓarna, sai ka je ka karɓo, ba mai tambayarka dalili. Ajiyar Gwaggo tana Runka. To, abin da ya ci Doma bai bar Awai ba, can ma an ƙone.

Ni aikina binciken tsirrai ne. Na tuna ina yaro wasu masu bincike sun zo sun roƙi Gwaggo cikin tafin hannu na geron nan, ta ba su. Na bi sawu har na gano yana nan da ransa a wani rumbun sanyi na ajiyar iri a ƙasar waje. Da na nema, aka ce za a iya ba cibiyar bincike don gwaji, amma babu ƙa'idar mayar wa manomi ya shuka. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mai abu ya zama baƙo a kan abinsa.

Ana nan sai aka sa ni cikin masanan da za su raka wakilan ƙasarmu wani taron ƙasashe kan kare tsirrai da dabbobi. Mu masana a kujerun baya muke, ba mu da bakin magana, sai dai ka raɗa wa wakilinka a kunne. Ni da ba ni da haƙuri, na sha zama ina cizon yatsa. Akwai shawarar a riƙa mayar da iri ga al'ummar da yaƙi ko bala'i ya raba da nata, sai na ji ana shirin ɗage ta zuwa wani taron, wai lokaci ya ƙure. Gwaggo ba ta da shekarun jiran wani taron.

Da aka tashi cin abinci na tare shugabar tawagarmu, wata lauya mai kaifin baki. Na fara zuba mata bayanin ƙwayoyin gado, ta ɗaga hannu.

"Malam, minti kaɗan za a ba ni. Me ya sa ba zai jira ba?"

Na ce irin da ke cikin sanyi ya tsaya cak, damina kuwa kullum sauyawa take. Sai ana shuka shi ana zaɓe yake bin ta. Sannan na ba ta labarin ajiyarmu, na ce da wannan fahimtar tsohuwa ta miƙa hannu ta bayar.

Wallahi matar nan ta iya aikinta. Ta haɗa maganganun biyu ta jefa a zauren, ta tambaye su a wace al'umma ce a duniya mai riƙon amana yake hana mai ajiya kayansa ranar da gidansa ya ƙone. Wakilan ƙasashen da suka san gudun hijira suka fara neman magana ɗaya bayan ɗaya. Da shugaban zama ya buga guduma an amince, na manta inda nake na yi kabbara, har na kusa da ni suka waiwayo. Ban ji kunya ba ko kaɗan.

Sai da damina ɗaya ta wuce kafin a gama gwaje-gwajen cuta a sako mana irin. 'Yar ƙunshiya ce da ba ta cika ludayi ba. Gwaggo ta zuba a tafin hannu, ta ɗauki ƙwara ɗaya ta ciza.

"Shi ne," ta ce. "To mi kake jira? Ɗauko mani sungumi."

Ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar. Gonakin maƙwabta suna fama, nata ya riga ya nuna, har mutanen Karare suka fara zuwa kallo. Ranar girbi na same ta a bakin kunya ta farko, ta riƙe zangarniya da hannu biyu tana yi wa geron magana a hankali.

"Ashe kai ma hijira ka yi. Sannu da hanya. Ya ka baro mutanen can?"