Ranar da Na Kai Bakina Ƙarfi

Ana idar da sallar asuba muka bar Funtuwa, ni da maƙwabcinmu, wani malami mai daɗin baki, da ƙullin goro a jakar fata. Ƙarfi muka nufa, neman aure wa ƙanena. Tun rasuwar mahaifinmu ni ne babba a gida, kuma babba aka sani da buɗe baki ya roƙa. Matsalar ita ce ina da i'ina. Ni da ko cinikin albasa sai na tura wani, yau ni zan zauna gaban dattawa. In na kwafsa, ƙanena ne zai rasa yarinyar da yake so.

Motar auduga muka samu za ta koma Malumfashi ba kaya, muka ɗare baya. Hanya ba laifi, sai dai gargada. An gama yankan dawa, auduga ta yi fari fat hagu da dama. Bayan Bakori muka wuce matan Maguzawa za su kasuwa, kowace da ƙwarya a kafaɗa, suna tafe suna dariya. Malam na yaba amfanin bana, ni kuwa ina ta bitar jawabin da na haddace. Duk ramin da motar ta faɗa sai wata kalma ta zube.

A Malumfashi muka sha fura mai kauri a bakin tasha, Malam yana mitar tsadar goro. Nan na roƙe shi ya yi magana a madadina. Ya ce zai yi in na matsa, amma in tuna Inna za ta tambayi wanda ya roƙa wa ɗanta aure. Na bar zancen. Muka ɗauki hayar kekuna muka ƙarasa.

Hantsi ya dubi ludayi muka isa. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo ruwa a moɗa. Bayan gaisuwa, mahaifin yarinyar, wani dattijo mai kaushin hannu, ya tambayi wane ne uban yaro. Malam ya dube ni. Na nemi jawabin nan sama da ƙasa, babu shi.

Na buɗe baki, kalmar farko ta maƙale. Na saba a irin wannan wuri wani ya ƙarasa mini, ko a sunkuyar da kai. Dattijon bai yi ko ɗaya ba. Ya ɓare goro, ya zuba mini ido, yana jira. Sai na ja numfashi, na bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

“Baba, bakina ba ya sauri, ka yi haƙuri. Yaron nan ni na rene shi. Ba shi da dukiya, amma ba ya ƙarya, ba ya tsoron gona. Mun zo roƙon ’yarka.”

Ya ce, “Na ji ka sarai, ɗana. Mun ba ku.” Malam ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga.

A hanyar dawowa na gane shekaru na yi ina ɓoye bakina don kunyar da ban ma gwada ba. I'inar tana nan, amma ba ta hana a ji ni ba.

Da magariba muka iso gida. Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Ba ta fara tambayar ko an ba mu ba.

“Wa ya yi magana?”

Na ce, “Ni ne, Inna.”

Ta ajiye rariya, ta share ido da bakin zane. Ta ce in zauna in faɗa mata duka, ba ta sauri.