Nuraddeen Tukur, Wanda Ya Koya wa Baba Tsayuwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Nuwamba 2024, ina kasuwar albasa ta Aliero labari ya iske ni cewa Allah Ya karɓi ran Malam Nuraddeen Tukur, likitan motsa gaɓɓai, a gidansa na Jega bayan gajeriyar jinya.

Malam, na fara saninka lokacin da ka zo garinmu Sabiyal kana gwada masu lafiya, maza da mata, yaro da tsoho. Sai ka ce mutum ya tsaya da ƙafa ɗaya, ido buɗe, sannan ya rufe. Mun yi maka dariya, muka ce Jega ta aiko mana mai koyar da tsayuwar zalɓe.

Mahaifina, Baba Labbo, ya ce namijin da ya tsufa a kan kunyar albasa ba a gwada shi da mata. Yana ɗaga ƙafa ya yi tangaɗi, sai da ka tare shi. Can kuma abokiyar aikinka ta fito daga cikin gida ta ce matarsa Inna Amariya ta tsaya ƙyam har an gaji da jiranta. Ranar Baba ko tuwo bai ci ba.

Ba ka yi masa dariya ba. Ka ja shi gefe ka nuna masa ya girmi Inna nesa ba kusa ba, kuma shekaru ba su tambayar namiji ne ko mace. Abin da ya dame ka shi ne yadda yake wanke ƙafa a tsaye wurin alwala, a kan siminti mai santsi. A nan amininsa Alu ya faɗi ya karye a ƙugu, bai sake tashi ba har ya koma ga Allah. Mu mun yi wa Baba magana ya riƙa zama, mun gaji. Kai kuwa ka yi ta zuwa, in ka fito daga Liba ta Maiyama sai ka ratso, har Baba ya yarda yana alwala zaune a kan kututture, yana kuma dafa katanga kowace safiya yana tsayuwar da ya raina. Na gode, Malam. Ba don Allah ba don kai ba, da hanyar Alu muke tsoron zai bi.

Ranar jana'izarka na kai shi Jega. Da na ga an yi sahu a rana, na ce masa ya zauna, Allah Ya san uzurin tsoho. Ya ture hannuna ya ce, “Shi yak koya min tsayi. Ba ni yi mai salla zamne.” Ya miƙa mini sandarsa, ya tsaya har aka yi sallama.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya tabbatar da dugaduganka a kan siraɗi. Ya ba maiɗakinka Malama Fadila da 'ya'yanku haƙuri, da dukkan mutanen Jega, Aliero da Maiyama. Amin.