Takardun da Baba Bai Sa wa Hannu Ba

"Guda goma sha ɗaya ne kacal," in ji shugaban ofishinmu, yana turo mini takardun. "Na'ura ta ce lafiyarsu ƙalau. Marigayi ne bai samu sukunin sa hannu ba. Ki sa, mu sallami mutane."

Baba, ni da shi duk mun san ba rashin sukuni ne ya hana ka ba.

Ka rasu ranar Talata, bakwai ga wannan wata, da hantsi, bayan jinyar kwana biyu. Labarin ya iske mu muna tsakiyar gwajin birki. Mai gadi ya shigo ya tsaya, sai da aka kashe na'ura sannan ya faɗa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara talatin da ɗaya kana duba lafiyar babura a rumfar nan.

Ni shekara shida ke nan da zuwana, da digirina na injiniya, rana ɗaya da na'urar da aka sayo don a huta da irinka. Tana auna birki da hayaƙi da hasken fitila, ta fito da lambobi a takarda, kuma ba ta taɓa ƙarya ba. Abin da aka ɗora mata shi take faɗa. Sai da na yi wata uku kafin na san abin da ake ɗora matan.

Kai ka nuna mini, ranar da ka roƙi aron jan farcena. Na ɗauka jikarka za ka kai wa. Sai ka ɗiga shi a gefen wata sabuwar taya, inda ido ba ya kaiwa. A mako guda tayar nan ta dawo sau tara, kowane zuwa a ƙarƙashin babur daban. Haka madubi, haka ƙwan fitila, haka wayar birki. Masu tsofaffin babura aro suke yi wa juna na zuwa gwaji, su mayar da zarar sun sha kwana. A zuwa na tara ka durƙusa ka shafa tayar, ka ce, "Sannu da ƙoƙari, 'yar nan, ke kaɗai ke riƙe da garin nan." Sannan ka dubi mai babur. "Je ka zo da taka mu gaisa."

Mu a ofis Baba muke ce maka, masu babura kuwa Dawo-Gobe suke ce maka, kuma kana amsawa. Kafin komai kakan ɗora tafin hannunka a kan inji, ka ji ko an ɗumama shi a waje don kada ya ba da kunya wajen tashi. Ka ɗaga tayar gaba ka girgiza kan babur, ka saurari boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen da kan ke juyawa a kansu. Ka taɓa sarƙa da ɗan yatsa. Inda ka ga sabon fenti a jikin tsohon ƙarfe, nan kake kankarewa da farce, domin tsagewa ta fi son ɓuya a nan.

Ba zan mai da kai waliyyi ba, kai ma ba za ka so ba. Kana da taurin kai, kana da nawa, rubutunka kuwa sai an haɗu mutum biyu ake karanta shi. Amma wanda ka kayar a gwaji da safe, shi za a gani tsugune kusa da kai lokacin hutun rana, kana ɗaure masa sarƙa da sifanarka, abincinka na hucewa a gefe. Ranar da na je gidanku gaisuwa, babura sun cika layin har bakin titi. Na dube su da idon da ka ba ni. Rabinsu ba za su ci gwaji ba, kuma masu su ne suka fi kowa jan ido.

Takarda ta ƙarshe cikin goma sha ɗayan ta yayana ce. Babur ɗin na mahaifinmu ne, ya girme ni da shekara biyu. A kansa Yaya yake kai 'ya'yansa uku makaranta kullum, ɗaya a kan tanki, biyu a baya. Shaidar lafiyar babur ɗin ta ƙare, ana tare shi a hanya. Ka san ɗan'uwana ne, duk da haka ka rubuta a kusurwar takardar da fensir: kan babur yana rawa, birkin baya na aro.

Na ce wa shugaba a kira masu takardun duka su dawo. Ya dube ni kamar ya yi asarar sayen na'ura.

Yaya ya zo yau da safe da fara'arsa. Na ɗaga tayar gaba na girgiza kan, kamar yadda na ga kana yi sau dubu ina yi maka dariya a raina. Ƙarar ba ta da yawa. A tafin hannu ake jin ta.

"Ƙanwata, na'urarki fa ta ce lafiya."

"Na'urata ba ta da 'ya'ya, Yaya. Ni zan riƙa kai yaran makaranta har ka gyara."

"Ashe ya bar magaji," in ji shi, ba da sigar yabo ba. Na yi masa sai an jima, ya juya mini baya. Amma bai tayar da babur ɗin ba. Tura shi ya yi har ya fita ƙofa.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Rayukan da suka koma gida lafiya ta dalilinka ba tare da sun sani ba, Allah Ya sa su a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka biyar, da jikokinka. Allah Ya ba ku haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Na haɗa sifanarka da tabaranka da kofin shayinka a kwali, zan kai wa iyalinka. Na kashe fanka, na jawo ƙofar ɗakinka har ta kama, na fita.